Dijkstra: Farfesan Kwamfuta da Ya Fi Yarda da Alƙalami

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta ya ci karo da sunan Dijkstra, galibi ranar da aka zo darasin neman gajeriyar hanya. A haddace dabarar, a ci jarrabawa, a wuce. Shi kansa mutumin ba a cika waiwayarsa ba, alhali a ganina yadda ya yi aikinsa ya fi dabarar amfani gare mu.

An haifi Edsger Wybe Dijkstra a Rotterdam ta ƙasar Holan a 1930. Mahaifinsa malamin kimiyyar sinadarai ne, mahaifiyarsa kuma masaniyar lissafi. Fiziks ya karanta a Jami'ar Leiden. A 1951 ya je wani gajeren kwas na rubuta manhaja a Cambridge, a 1952 kuma ya kama aiki a Cibiyar Lissafi ta Amsterdam a matsayin mai rubuta manhaja, a lokacin da babu wanda ya san wannan a matsayin sana'a a ƙasar. Har ma da ya zo ɗaurin aure a 1957 aka tambaye shi sana'arsa ya faɗa, hukuma ta ƙi karɓa, wai babu irin wannan sana'a, sai masanin fiziks aka rubuta a takardar. Ya zama farfesa a Eindhoven a 1962, ya karɓi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a kimiyyar kwamfuta, a 1972, ya koma Jami'ar Texas da ke Austin a 1984, ya yi ritaya a 1999, ya mutu a 2002.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan. Mutumin nan ya bar rubuce-rubuce sama da 1,300 da ake kira EWD, wato haruffan farko na sunansa. Yawancinsu ba su taɓa shiga mujallar bincike ba. Na farko-farko da tafireta ya buga su, na baya kuma da alƙalamin tawada ya rubuta, a yi fotokwafi, a aika wa abokan aiki kaɗan, su ma su kwafa su ba wasu. Da a yau yake neman ƙarin girma a jami'a, inda ake ƙirga takardu kamar ana ƙirga buhuna, anya zai kai labari?

Usman:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai kafin a yi nisa, don Allah a taimaka mana mu ƙanana. Na ji an ce cikin minti ashirin ya ƙirƙiro dabarar gajeriyar hanyar. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Zainab:
Gaskiya ne Usman, shi da bakinsa ya ba da labarin. A 1956 ne. Ana shirin ƙaddamar da wata sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC, ana buƙatar abin da za a nuna wa mutanen da ba masana lissafi ba su gane. Sai ya zaɓi tambayar da kowa zai fahimta: wace hanya ce mafi kusa daga Rotterdam zuwa Groningen? Ya yi amfani da taswirar ƙasar da aka taƙaita zuwa garuruwa 64. Ya ce suna zaune shi da wadda zai aura a wani wurin shan kofi a Amsterdam, sun gaji da yawon sayayya, a nan ya tsara ta a kansa, ba takarda ba fensir. Kuma ya ce rashin takardar ne ya tilasta masa guje wa duk wani abin da zai rikita ta.

Ga yadda take a taƙaice. Ka ɗauka kana garin A. Daga A zuwa B kilomita 7 ne, daga A zuwa C kilomita 2, daga C zuwa B kilomita 3. Za ka rubuta wa A sifili, sauran garuruwa kuma ka ce ba ka san nisansu ba tukuna. Ka duba maƙwabtan A: B ya samu 7, C ya samu 2. Yanzu ka ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta cikin waɗanda ba ka rufe ba, wato C. Shi an gama da shi, domin duk wata hanya da za ta zagayo ta kai C dole ta fara bi ta wani gari da ya riga ya fi 2 nisa. Daga C ka sake duba B: 2 da 3 biyar, ya fi 7 sauƙi, sai ka goge 7 ka sa 5. Haka za ka yi ta yi har garuruwa su ƙare. Duk ƙarfin dabarar yana cikin wancan dalili na rufe C. Shi ya sa idan akwai hanya mai nisan da ke ƙasa da sifili, dabarar ta rushe, sai a koma ta Bellman da Ford.

Bai buga ta ba sai 1959, a shafi uku kacal.

Injiniya Kabiru:
Malam Habibu, tambayarka ta riga ta karkata zuwa amsar da kake so. Ni zan zo ta wani ɓangare. Ba na musun basirarsa. Na'urorin da ke rarraba saƙonni a intanet har yau suna amfani da dabararsa a tsarin OSPF. To amma mu da ke rubuta manhaja don a biya mu, mutumin nan bai ɗauke mu a bakin komai ba. A 1975 ya rubuta cewa wanda ya fara koyon rubuta manhaja da harshen BASIC ƙwaƙwalwarsa ta lalace, ba ta gyaruwa. Ya ce koyar da harshen COBOL ya kamata a ɗauke shi laifi. A 1988 ya kawo shawarar a koya wa 'yan aji ɗaya rubuta manhaja ba tare da sun gwada ta a kan kwamfuta ba, su tabbatar da ingancinta da lissafi a takarda kawai. Wane kamfani ne zai yi aiki haka? Abokin ciniki yana jira, abin da yake so yana canzawa duk mako. Wanda ke zaune a ɗakin karatunsa ba mai matsa masa, da sauƙi ya ce kowa ya bi a hankali.

Alhaji Lawal:
Injiniya ya taɓo ni. Da COBOL na ci abinci har na yi ritaya, kuma har gobe bankuna da yawa a duniya a kansa suke tafiya. Lokacin da maganar nan ta iso kunnenmu ta yi mana ciwo. Amma ɗana, akwai abin da zan faɗa maka. Na taɓa gadon wata manhajar biyan albashi a inda na yi aiki, wadda mutum huɗu suka rubuta a jere, kowa ya tafi. Ko'ina ka duba umarnin GO TO ne, daga layi na ɗari ka faɗa na dubu biyu, daga can ka dawo na ɗari huɗu. Mukan shimfiɗa takardun firinta a ƙasa, mu bi da jan biro muna zana kibiya. Gyara ɗaya sai ya haifi ɓarna uku. Duk wanda ya sha wannan wahala ya san abin da wasiƙarsa ta 1968, wadda ya soki umarnin GO TO a cikinta, ke nufi. Bakinsa da kaifi, amma ciwon da ya nuna yana nan.

Dakta Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, akwai gyara a hoton da ka zana. Dijkstra ba daga allo ya fara ba. Shekara goma ya yi yana rubuta manhaja ga injinan da wasunsu ba a ma gama ƙera su ba. Shi da masu haɗa injin, Loopstra da Scholten, sukan fara rubuta cikakken bayanin yadda injin zai yi aiki, ya zama yarjejeniya tsakaninsu, su su tafi ƙira, shi ya tafi rubutu. Babu injin da zai gwada a kai, dole ya tabbatar da abin a kansa. Daga nan ɗabi'ar ta samo asali. A 1960 shi da Jaap Zonneveld suka kammala manhajar farko da ke fassara harshen ALGOL 60 zuwa harshen inji, suka riga manyan ƙungiyoyi. A Eindhoven kuma shi da 'yan mutane ƙalilan suka gina babbar manhajar tafiyar da kwamfuta mai suna THE, hawa-hawa, kowane hawa bai san komai ba sai abin da na ƙasansa ya ba shi. Wannan tsari har yau da shi ake tunani.

Game da wasiƙar GO TO, taken da ta shahara da shi, mai cewa umarnin GO TO abu ne mai cutarwa, ba nasa ba ne. Niklaus Wirth, wanda ke editan mujallar a lokacin, shi ya canza shi. Kuma da Donald Knuth ya rubuta doguwar amsa a 1974 yana nuna wuraren da umarnin ke da amfani, ya kawo maganar Dijkstra kansa cewa kada a ɗauka ya mai da abin aƙida. Mabiya ne suka mai da shi haka.

Na dawo kan tambayar Malam Habibu, don ita ce ta dame ni. A 1974 ya buga wata takarda mai shafi biyu kan yadda tarin na'urori za su dawo daidai da kansu ko daga wane irin rikici suka fara, ba tare da shugaba ba. Kusan shekara tara ba wanda ya kula ta. Sai a 1983 Leslie Lamport ya tsaya a wani taro ya ce wannan ce mafi hazaƙar aikin Dijkstra. Daga nan wani fanni guda ya tsiro. A 2002 aka ba takardar lambar yabo, bayan mutuwarsa kuma aka sa wa lambar sunansa. Yanzu ku ɗauki wannan takarda ku kai gaban kwamitin ƙarin girma a shekararta ta biyar. Shafi biyu, ba mai ambatonta. Maki nawa za ta samu? Na zauna a irin waɗannan kwamitoci. Na ga an wuce da mai takardu talatin da ba wanda zai sake buɗewa, an tsayar da mai guda shida da ɗalibai ke amfani da su. Ranar na koma gida raina a ɓace.

Injiniya Kabiru:
Dakta, na karɓi batun ALGOL da THE. Amma ki lura, duk wannan kafin 1970 ne. Bayan nan fa? Ya daina taɓa inji, ya koma wa'azi. Ko kwamfutar kansa bai mallaka ba sai can a ƙarshe, ita ma don saƙon imel da leƙa intanet.

Sannan ƙirgar takardu da kuke kuka da ita, me za a sa a madadinta? Idan aka ce a bar wa manya su auna inganci da idonsu, kin san abin da zai biyo baya: wanda ke da uwa a gindin murhu shi zai wuce. Ƙirga ba ta da kyau, amma ba ta san ɗan wane ba.

Malam Habibu:
Wannan magana ta biyu tana da nauyi Injiniya, ba zan yi saurin ture ta ba. Sai dai ƙirgar ma an koyi yi mata dabara. Ana yanka bincike ɗaya gida huɗu, ana sa sunan juna a takardu, ga mujallun da ko me ka aika za su buga in dai ka biya. Son kai bai tafi ko'ina ba, riga ya canza.

Kuma kada mu ɗauka shi Dijkstra jami'a ta rungume shi. A sashen lissafi aka ajiye shi a Eindhoven, inda abokan aikinsa ke kallon kwamfuta a matsayin abin da bai kai a kira shi ilimi ba. Bayan an gama THE aka watsa ƙungiyarsa. Shi da kansa ya rubuta cewa ya shiga matsanancin ƙuncin zuciya a lokacin, kuma a cikin wannan hali ya rubuta bayanansa kan tsararren rubutun manhaja a 1969, waɗanda suka shiga littafin da suka fitar tare da Dahl da Hoare a 1972. Wanda ya ba shi sarari a ƙarshe kamfani ne. A 1973 Burroughs suka ɗauke shi mai bincike, suka bar shi a gidansa da ke ƙauyen Nuenen, yana zuwa jami'a ranar Talata kawai. A waɗannan shekaru ya rubuta EWD kusan 500. Abin da ke ba ni takaici ke nan. Jami'a ce ya kamata ta zama wurin da ake ba mutum lokacin tunani, amma sai da ya fita daga cikinta ya samu.

Zainab:
Malam, ina da ƙorafi ɗaya a kansa a matsayina na mai rubuta kundin digiri na biyu. Ba ya son ambaton aikin wasu. Littafinsa na 1976 babu jerin manazarta ko ɗaya, kuma ya faɗa a gabatarwa cewa ba zai ba da hanzari ba. Takardar 1959 ma matsala biyu ta ƙunsa, kuma ta farkon, wato haɗa dukkan garuruwa da mafi ƙarancin tsawon hanya, Jarník ya warware ta tun 1930, Prim ma ya buga tasa a 1957. Ni da zan kai wa mai duba aikina babi babu manazarta, ko karantawa ba zai yi ba. Kuma yana da gaskiya. Ambaton na gaba da kai haƙƙi ne.

Dakta Rabi:
Haka ne 'yata, kuma kada ki koyi wannan daga gare shi. Ki koyi yadda yake karatu. Yana da wani zama da ake kira kulob ɗin yammacin Talata, ya fara a Eindhoven, ya ci gaba da shi a Austin. Za a ɗauko takarda ɗaya a karanta ta layi-layi, a tsaya a kan kowace alama: me ya sa marubucin ya zaɓi wannan, ina hujjar wannan mataki, za a iya faɗin wannan a gajarce? Ajinsa kuma babu littafin da aka wajabta. Allo ne da alli. A farkon zango yakan ɗauki hoton kowane ɗalibi don ya haddace sunaye. Jarrabawar ƙarshe ta baka ce, ɗalibi ɗaya a lokaci guda, a ba ka matsala ka warware a gabansa yana ganin yadda kake tunani.

Na san za a ce wannan sai mai ɗalibai ashirin. Gaskiya ne, mai aji na mutum ɗari uku ba zai iya ba. Amma zaman karanta takarda ɗaya a mako ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Mutum biyar da allo sun isa.

Usman:
Dakta, mene ne labarin masana falsafa biyar ɗin nan? An taɓa ambata mana a darasi amma ban kama ba.

Dakta Rabi:
Asalinta tambayar jarrabawa ce da ya yi wa ɗalibansa a 1965, Tony Hoare ne ya sa mata rigar da aka san ta da ita. Mutum biyar sun kewaye teburi, tsakanin kowane biyu akwai cokali mai yatsu guda ɗaya, biyar ke nan. Ba mai iya cin abinci sai ya riƙe biyu, na hagunsa da na damansa. To idan duk suka ji yunwa lokaci guda, kowa ya ɗauki na hagu, sai a yi cirko-cirko: kowa na riƙe da ɗaya yana jiran na maƙwabcinsa, har abada. Haka ke faruwa a cikin kwamfuta idan ayyuka da yawa na rububin firinta ko ma'ajiya. Don irin wannan ya ƙirƙiro abin da ake kira simafo, wata alama da aiki zai duba kafin ya shiga, ya saki idan ya fito. Ba zan ba ka mafita ba. Ka je ka yi tunani, kada ka bincika a intanet.

Injiniya Kabiru:
Bari in ƙara abu ɗaya don kada a ce adawa kawai na zo yi. Maganarsa da ta fi zama mini ita ce cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure a manhaja, amma ba zai taɓa nuna babu ba. Wannan kam na gani da idona. Mun taɓa sakin manhaja da ta tsallake duk gwajin da muka rubuta, ta yi wata biyu lafiya, sai ranar da mutum biyu suka danna abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya, lissafi ya rikice. Irin matsalar da ya yi ta magana a kai tun shekarun 1960. Kuma na san rokar Ariane 5 ta tarwatse a 1996 saboda an cusa babbar lamba a ma'ajin da bai isa ya ɗauke ta ba. Na san kuma a 2009 wasu masu bincike a Ostireliya sun tabbatar da ingancin zuciyar manhajar seL4 da lissafi. Amma ku duba shekarun aiki da ƙwararru suka zuba a kan layuka 'yan dubbai. Ga jirgin sama da na'urar asibiti, na yarda a bi hanyarsa ko nawa za ta ci. Ga manhajar da za a canza mako mai zuwa, ban yarda ba, kuma da yana raye ma zan faɗa masa.

Alhaji Lawal:
Da ka faɗa masa da ka samu amsa a rubuce, da lamba a samanta.

Ni abin da ya fi tsaya mini a labarinsa shi ne wata ganawa da ya yi da maigidansa van Wijngaarden tun yana matashi. Ya je ya ce yana shakkar barin fiziks, domin rubuta manhaja ba ilimi ne da ake girmamawa ba, ba shi da tushe. Maigidan ya saurare shi, ya yarda cewa tushen babu, sannan ya ce kwamfuta ta zo ke nan, me zai hana ya zama cikin waɗanda za su gina tushen? Ya ce ya fito daga ofishin nan ya zama wani mutum daban. Malam Habibu, Dakta, ku da ke da ɗalibai a hannu, wannan aikin naku ne, kuma babu kwamitin da zai ba ku maki a kansa.

Malam Habibu:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Dakta, batun zaman Talata ya shige ni. Idan za a samu mutum biyar a nan, mu fara ta intanet. Jami'ar Texas ta sa yawancin EWD ɗin a shafinta kyauta, da yawansu da rubutun hannunsa. Ina ba da shawarar mu fara da laccarsa ta karɓar lambar Turing, don ba ta da lissafi mai nauyi. Injiniya, da kai a ciki, don zaman da kowa ya yarda da kowa ba ya haifar da komai.

Injiniya Kabiru:
Ku sa ni. Amma bayan ta Dijkstra, amsar Knuth za mu karanta.

Usman:
Dakta, na kwana a kan cokulan nan. Idan aka sa musu lamba 1 zuwa 5, aka ce kowa ya fara ɗaukar mai ƙaramar lamba cikin biyun da ke gefensa fa? Mutum huɗu za su fara da gefe guda, amma na biyar yana tsakanin 5 da 1, dole ya fara neman 1. Idan wani ya riga shi, zai jira hannu wofi, cokali na 5 ya zauna a teburi, na kusa da shi ya ɗauka ya ci. Ina ganin zagayen ya karye.

Dakta Rabi:
Madalla ɗana, ya karye, kuma da hujja ka zo, ba da gwaji ba. Saura rabi na biyu. Ka hana a yi cirko-cirko, amma ba ka nuna cewa kowa zai samu ci ba. Ka duba ko akwai yadda maƙwabta biyu masu sauri za su yi ta karɓa-karɓa, na tsakiyarsu ya zauna da yunwa. Ka kawo amsar zaman Talata.